Shin a Cikin Baƙin Rami Muke Zaune?

Duk wanda ya tsaya a Garatu, a kan hanyar Minna zuwa Bida, tsakanin ƙarfe tara da goma na dare a tsakiyar watan Mayu, ya ɗaga kai ya dubi tsakar sama, to ya sa fuskarsa saitin wani abu da ido ba ya iya nuna masa. A daidai wurin, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa, akwai wani gungun taurari da masana suka laƙaba wa lamba M87. A cibiyar wannan gungu ne baƙin ramin nan yake, wanda aka nuna wa duniya hotonsa ranar 10 ga Afrilun 2019: zobe mai ruwan garwashi, ƙasansa ya fi samansa haske, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Nauyinsa ya kai na rana biliyan 6.5, kuma hasken da aka harhaɗa hoton da shi ya yi shekara miliyan 55 a hanya. Idan damina ta yi nisa, wajen ƙarshen Yuli, daren da hadari ya ɗaga, sai a juya kudu. Inda farar ƙurar taurarin nan mai ratsa sama ta fi kauri, nan ne cibiyar namu gungun, kuma can ma akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4, wanda aka fito da hotonsa a watan Mayun 2022.

Samuwar waɗannan abubuwa ta daina zama abin gardama. Tambayar da ke yawo yanzu ta fi ƙarfin hali: anya mu kanmu, da ranarmu da watanmu da duk taurarin da ake gani da waɗanda ba a gani, ba a cikin wani ƙaton baƙin rami muke ba? Sau biyu a 2025 maganar ta cika kafafen labarai, har wasu kanun suka nuna kamar an gama bincike an naɗe tabarma. Ba a gama ba. Sai dai kuma maganar ba shirme ba ce, don masana na ƙwarai sun fi shekara hamsin suna juya ta. A cikinta akwai lissafi tabbatacce, akwai hasashe mai mutunci, akwai kuma wani abu da ake tallatawa a matsayin hujja alhali ba ya tabbatar da komai. Rarrabe waɗannan shi ne aikin.

Kowane abu mai nauyi yana jan abin da ke kusa da shi, kuma kafin ka kuɓuce masa gaba ɗaya sai gudunka ya kai wani mizani. Kumbon da zai bar doron ƙasa ba tare da ya faɗo ba yana bukatar gudun kilomita 11 a sakan guda. Wanda zai bar fuskar rana sai ya haura 600. Haske, wanda babu abin da ya fi shi sauri, yana cin kilomita 300,000 a sakan. Tun a 1783 wani limamin coci a Ingila, John Michell, ya tambayi kansa: in aka sami tauraron da jansa ya kai a ce ko haske bai isa ya tsere masa ba fa? Ya ce irin wannan tauraro zai kasance yana nan amma ba za a gan shi ba. Aka manta da maganarsa fiye da ƙarni guda.

Albert Einstein ne ya ba tambayar sabon tushe a Nuwambar 1915, da ya nuna cewa abin da muke ji kamar ja lanƙwasa ce da nauyi ke yi wa sarari da lokaci. Cikin 'yan makonni wani masanin Jamus, Karl Schwarzschild, yana bakin daga a yaƙin duniya na farko, ya warware lissafin ga abu mai siffar ƙwallo, ya aika wa Einstein. Bai daɗe ba ciwo ya kashe shi a Mayun 1916. Gwajin farko da ya ɗaga sunan ƙa'idar kuwa a maƙwabtanmu aka yi shi: ranar 29 ga Mayun 1919, a tsibirin Principe da ke kudu da gaɓar tekun Najeriya, Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari lokacin husufin rana, ya ga haskensu ya karkace da ya gifta ta gefen rana, kamar yadda Einstein ya faɗa.

Daga lissafin Schwarzschild ne aka sami ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Kowane nauyi yana da wani faɗi wanda in aka matse shi ya shige ciki, ya zama baƙin rami. Ga nauyin rana guda, kilomita 3 ne daga tsakiya zuwa baki. Ga duniyarmu da duwatsunta da tekunanta, bai cika santimita ɗaya ba. Wannan bakin ba bango ba ne, babu abin taɓawa a wurin. Iyaka ce kawai wadda duk abin da ya tsallaka ta ba ya dawowa, ko saƙo ba ya iya aikowa. A zahiri manyan taurari ne ke kaiwa ga wannan hali idan makamashinsu ya ƙare, nauyinsu ya danne su. Waɗanda nauyinsu bai isa ba sukan tsaya a rabin hanya, su zama abin da ake kira tauraron nutron, dunƙule mai faɗin kilomita 20 ko makamancin haka amma ya fi rana nauyi. A nan ma akwai hannun ɗan gida da ba a cika ambata ba. A tsakiyar shekarun 1960 Samuel Okoye, ɗan Najeriya da ke karatun digirin digirgir a Cambridge tare da Antony Hewish, ya gano wani ɗan mitsitsin wuri mai fitar da igiyar rediyo a cikin ɓurɓushin tauraron da Sinawa suka rubuta fashewarsa a shekarar 1054. Bayan 'yan shekaru aka tabbatar tauraron nutron ne, yana juyawa sau 30 a sakan. Okoye ya dawo gida ya koyar a jami'ar Nsukka.

To, ta yaya sararin samaniya, wanda kusan duk fanko ne, zai shiga wannan sahu? Ai mun saba jin baƙin rami wuri ne na matsi da cunkoso. Nan ne abin mamaki na farko, kuma gaskiya ne. Idan ka ninka nauyin baƙin rami sau biyu, faɗinsa ma ya ninka sau biyu, amma wurin da ya mamaye ya ninka sau takwas. Nauyi biyu a wuri takwas ke nan. Saboda haka gwargwadon girman rami, gwargwadon raguwar cunkosonsa. Na M87 yana da kilomita kusan biliyan 19 daga tsakiya zuwa baki, kuma in aka raba nauyinsa a kan wannan fili, bai kai kaurin iskar da muke shaƙa ba. Ci gaba da ƙara girman, za ka kai ga ramin da cikinsa ya yi daidai da fankon sararin samaniya, inda in an baje komai daidai wa daida ba za a sami fiye da nauyin ƙwayar haidurojin biyar ko shida a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba.

Wannan ne ya ja hankalin Raj Kumar Pathria, masani ɗan asalin Indiya da ke koyarwa a Kanada, ya buga 'yar gajeriyar maƙala a mujallar Nature a 1972 yana cewa sararin samaniya ka iya zama baƙin rami. Lissafin da ake yawan kawowa kan batun ba shi da wuya. Tun a 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungunan taurari suna nesanta da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi saurin gudu. Akwai tazarar da saurin nesantar ke kai wa na haske, wato tafiyar haske ta kimanin shekara biliyan 14. Ɗauki wannan tazara a matsayin faɗin ƙwallo. Lissafa duk nauyin da ke cikinsa, za ka sami na rana kusan 45 mai sifili 21 a gabansa. Ba kowace rana kilomita 3 ɗinta. Amsar da za ta fito ita ce tafiyar haske ta shekara biliyan 14. Faɗin da ka fara da shi, shi ka ƙare da shi, cif-cif.

Wanda ya fara ganin wannan dole gabansa ya faɗi. Lambobi biyu masu wannan girma ba sa haɗuwa da gangan, in ji zuciya. Amma a nan ne ya kamata a ja birki, domin lambobin ba biyu ba ne, ɗaya ce ta sauya riga. Ba wanda ya ɗora sararin samaniya a sikeli. Cunkoson da aka yi amfani da shi wajen fitar da nauyin, daga saurin faɗaɗar aka ciro shi, ta hanyar lissafin da Alexander Friedmann na Rasha ya samar a 1922, kuma daga wannan saurin dai aka ciro tazarar. Muddin sarari shimfiɗaɗɗe ne, wato in ka zana alwatika komai girmanta kusurwoyinta uku za su ba da digiri 180, to wajibi ne lambobin su yi daidai, ko akwai baƙin rami ko babu. Wanda ya sayi ƙwarya ɗaya ta doya a kasuwar Garatu, ya je gida ya ƙirga ya tarar ɗari ce cif, bai gano wani sirri ba. Ɗari ake kira ƙwarya tun farko.

Kuma da an matsa wa lissafin kaɗan sai ɗinkin ya fara warwarewa. Na ɗaya, tazarar shekara biliyan 14 ba ita ce iyakar ganinmu ba. Saboda sarari ya ci gaba da buɗewa yayin da haske ke tafe, wuraren da suka aiko mana da haske mafi tsufa yanzu suna nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 46. In ka maimaita lissafin da wannan faɗin, bakin ramin da zai fito ya ninka faɗin kusan sau goma, daidaiton ya tafi. Na biyu, kafin nauyin ya cika sai an haɗa da ɓoyayyen ƙarfin nan da aka gano a 1998, wanda ya kai kashi 68 cikin ɗari na jimillar, alhali shi aikinsa tura sarari ya ƙara saurin buɗewa, ba jawo shi ba. Abin da muka sani na zahiri, taurari da ƙura da iska da mu kanmu, kashi 5 ne kacal, sauran 27 wani abu ne mai nauyi da ba ya haske. Sannan daidaiton ba na zamaninmu kaɗai ba ne. Shekara biliyan goma da suka wuce ma yana nan, da wani faɗin dabam. Abin da ya cancanci mamaki shi ne shimfiɗuwar sararin kanta, wadda tauraron ɗan'adam na Planck ya auna ya samu daidai, kuskuren awon bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wannan tambaya ce mai zaman kanta, kuma bayanin da ya fi karɓuwa a kanta shi ne na Alan Guth na farkon shekarun 1980, cewa sarari ya yi wata irin kumbura ta farat ɗaya a farkon lamari wadda ta miƙar da duk wata lanƙwasa.

Ban da lissafi, akwai bambancin hali. Bakin baƙin rami wuri ɗaya ne ga kowa, ko daga ina ka tunkare shi. Iyakar ganinmu kuwa tamu ce mu kaɗai. Da akwai mai kallo a wani gungu mai nisan shekara biliyan goma, shi ma zai ga kansa a tsakiya, da tasa iyakar, yana hango wuraren da mu ba ma hangowa. Lissafin Schwarzschild yana ɗauka cewa bayan bakin ramin fanko ne, mu kuwa babu wata alama da ke nuna taurari sun ƙare a inda ganinmu ya ƙare.

Babban bambancin shi ne na alƙibla. A cikin baƙin rami duk hanyoyi wuri ɗaya suke kaiwa, wato maƙurar matsi inda lissafin Einstein ke tsayawa cik, kuma wannan maƙura tana gaban mai faɗawa ne, ba ya iya kauce mata kamar yadda ba ya iya kauce wa gobe. A lissafi mafi sauƙi, wanda ya tsallaka bakin ramin da ke cibiyar gungunmu yana da kamar minti ɗaya. A na M87 zai sami kwana ɗaya da 'yan sa'o'i. Kafin nan kuma za a ja shi ta tsawo a matse shi ta gefe. Mu abin da muke gani akasin haka ne. Matsin yana bayanmu, shekara biliyan 13.8 da suka shuɗe, komai yana buɗewa, kuma buɗewar iri ɗaya ce ta kowace fuska. Shaidar wannan ita ce ɗumin da ya rage daga farkon lamari, wanda Arno Penzias da Robert Wilson suka ci karo da shi a Amurka suka bayyana a 1965. Ko ta ina ka juya na'ura, gabas ko yamma, zafinsa digiri 2.7 ne sama da maƙurar sanyi, kuma in an cire tasirin tafiyar da mu kanmu muke yi, bambancin wani sashe da wani bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 ba. Saboda haka in ana nufin muna zaune a cikin baƙin rami irin wanda aka sani, muna gangarawa zuwa tsakiyarsa, amsar a'a ce, kuma ban ga masanin da ke jayayya da wannan ba.

Amma maganar ba ta mutu a nan ba, kuma adalci ne a faɗi dalilin. Ranar 1 ga Satumban 1939, ranar da Jamus ta afka wa Foland, aka buga wata maƙala ta Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder kan yadda tauraro ke ruftawa. Abin da ya bayyana daga aikinsu shi ne, in ƙwallon da ke ruftawa cikinsa daidai yake ko'ina, to lissafin abin da ke faruwa a cikinsa shi ne dai lissafin Friedmann na sararin samaniya, sai dai a juye: wancan yana buɗewa, wannan yana tsukewa. Wanda ke cikin irin wannan ƙwallo zai ga komai iri ɗaya ta kowace fuska, kamar yadda muke gani. Abin da ya rage shi ne a sami wani abu da zai tare ruftawar kafin ta kai maƙura, ya mayar da ita buɗewa. In akwai shi, to daga waje za a ga baƙin rami shiru, daga ciki kuwa wani sabon sarari yana faɗaɗa, kuma mazaunansa za su kira lokacin juyawar da sunan Babbar Fashewa, sunan da mu ma muke kiran farkon namu lamarin da shi. Wannan ita ce sigar ra'ayin da ta cancanci a saurara.

Matsalar ita ce Roger Penrose ya tabbatar a 1965 cewa in ƙa'idar Einstein ce kaɗai ke aiki, kuma abu yana da halin da muka san shi da shi, to ruftawar ba ta da birki. Wannan aiki ne ya ba shi rabin kyautar Nobel ta 2020. Duk mai son juyawa dole ya kawo wani sabon abu daga aljihunsa, kuma kowa da abin da ya kawo.

Nikodem Popławski, ɗan Foland da ke aiki a Amurka, ya kawo nasa a 2010. Ya koma ga wani gyara da Élie Cartan na Faransa ya yi wa ƙa'idar Einstein a shekarun 1920, inda sarari ba lanƙwasa kaɗai yake yi ba, har da murɗewa. A yanayin yau da kullum murɗewar ba ta da wani tasiri, amma a cunkoson da ya zarce na cikin ƙwayar zarra nesa ba kusa ba, lissafi ya nuna takan zama turi mai hana matsewa. Lissafin yana da tsabta. Sai dai har yau ba a taɓa auna wannan murɗewa a ko'ina ba. Enrique Gaztañaga na jami'ar Portsmouth a Ingila da abokan aikinsa, waɗanda maƙalarsu ta tayar da ƙura a tsakiyar 2025, sun dogara ne da ƙa'idar Wolfgang Pauli ta 1925, wadda ta hana wasu ƙananan ƙwayoyi biyu zama a hali ɗaya. Ita ce ke riƙe tauraron nutron kada ya rufta. Amma mun san tana gazawa idan nauyi ya haura na rana biyu zuwa uku, shi ya sa ma ake samun baƙin rami. Kafin ta tare ruftawar abu mai nauyin sararin samaniya sai an ɗauka cewa akwai wani sabon mataki na turjiya can gaba, wanda ba a gani ba tukuna. Abin yabo a aikinsu shi ne sun faɗi abin da za a iya aunawa: sun ce sarari ba shimfiɗaɗɗe ba ne sarai, yana da 'yar lanƙwasa ta rufewa.

Wanda ya fi kowa nisan zango shi ne Lee Smolin, tun a 1992. Shi cewa ya yi kowane baƙin rami yana haifar da sabon sarari mai ƙa'idojin da suka ɗan bambanta da na uwarsa, don haka a kwana a tashi sararin da suka fi iya haifar ramuka su za su fi yawa, namu kuma ɗaya ne daga cikinsu. Ya yi abin da ya kamata masani ya yi, ya sa wuyansa: ya ce in haka ne, ba za a sami tauraron nutron da ya haura nauyin rana 1.6 ba. A 2010 aka auna wani mai nauyin kusan rana biyu. An ɗaga iyakar zuwa biyu, sai kuma a 2019 aka sami wani da ya ɗan haura hakan. Ra'ayin bai faɗi warwas ba, amma yana ɗingishi.

Saura hujjar da ta fi kowacce yawo, ta na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba ranar 25 ga Disambar 2021. A farkon 2025 Lior Shamir, masanin kwamfuta a jami'ar jihar Kansas, ya duba gunguna 263 a hotunanta waɗanda ake iya gane ta inda suke juyawa. Ya sami 158 suna bin hannun agogo, 105 suna saɓa masa. In babu wani dalili, kamata ya yi su yi kusan raba-daidai. Daga nan aka ƙulla sarƙa: gunguna sun fi son ɓangare ɗaya, ke nan sararin duka yana juyawa, baƙaƙen ramuka ma suna juyawa, ke nan daga rami muka gaji juyin.

Kowace gaɓa ta wannan sarƙa tana da rauni. Gungunan 263 daga wani ɗan yanki ɗaya na sama aka ɗebo su, wanda bai kai faɗin cikakken wata ba, alhali gungunan da ke cikin iyakar ganinmu sun kai ɗaruruwan biliyoyi. Shamir da kansa ya kawo wani bayanin da bai shafi rami ba, cewa juyin da namu gungun ke yi da mu yana iya sa masu juyawa ta wani ɓangare su ɗan fi haske, su fi shiga ƙirga. An kuma taɓa faɗawa irin wannan tarko. A 2007 wani shiri mai suna Galaxy Zoo ya sa dubban masu sa-kai rarrabe hotunan gunguna ta intanet, sai aka ga ɓangare ɗaya ya rinjaya. Masu shirin suka juya hotunan kamar a madubi suka sake ba mutane. Da rinjayen a sama yake, da ya koma ɗaya ɓangaren. Bai koma ba, wato a idon masu kallo yake. Shamir da kwamfuta ya yi nasa, amma wasu masana da suka sake tace manyan tarin bayanai irin waɗannan a 2024 ba su ga wani rinjaye ba. Ga kuma ɗumin farkon lamari, wanda da sarari na juyawa da ya bar tabo a jikinsa, kuma an nema da kyau ba a gani ba. Ko da ma an gani, juyi ba ya nufin rami. Tun a 1949 Kurt Gödel ya fitar da lissafin sarari mai juyawa wanda babu ruwansa da baƙin rami.

Akwai wani abu da nake ganin yana ƙara wa maganar farin jini a wurinmu, shi ne zaton cewa ta taɓa batun asalin halitta. Wani ya ji ta ya ce to ga Turawa sun zo da sabon saɓo, wani ya ji ta ya ruga neman inda zai jingina ta da nassi. Duka biyun gaggawa ce. Ko da gobe an tabbatar cewa sararinmu daga cikin wani rami ya ɓullo, tambayar ta matsa baya ne da taki ɗaya: shi wancan sararin da ramin yake ciki, daga ina? Ra'ayin bai ce komai a kan wannan ba. Kuma wanda ya ɗaure imaninsa a jikin hasashen da ka iya rushewa da awo ɗaya, shi ya jawo wa kansa wahala.

Hukuncina dai shi ne: cewa faɗin sararin samaniya ya yi daidai da na baƙin rami ba hujja ba ce, maimaita lamba ɗaya ce sau biyu. Cewa muna cikin rami muna gangarawa, awo ya ƙaryata. Cewa Babbar Fashewa juyawar wata ruftawa ce a cikin ramin wani sarari, wannan hasashe ne da lissafi bai haramta ba, amma babu awo ko ɗaya da ya fifita shi a kan bayanin da ake da shi, kuma yana tsaye ne a kan ƙa'idojin da ba a gwada ba. Abin da zai iya motsa shi shi ne awon lanƙwasar sarari, kuma na'urar Euclid da Turai ta harba a Yulin 2023 tana kan zana taswirar kusan sulusin sama, aikin da aka tsara zai ɗauki shekara shida. In aka ga lanƙwasar, ra'ayin ya sami ƙafa ɗaya, ko da yake wasu ra'ayoyin ma suna iya bayyana ta. In ba a gani ba, masu shi za su koma allo.

Irin wannan awo ba a Turai da Amurka kaɗai ake yin sa ba. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faranti 64 a 2018, kuma hoton da ta fara nunawa na cibiyar gungunmu ne. Ghana ta ɗauki wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kutunse ta mayar da shi na'urar sauraron taurari a 2017. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, tana da cibiyar binciken taurari a Nsukka, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983, wadda harabarta ta Gidan Kwano ke kan hanya ɗaya da Garatu. Ɗalibin fiziks ko lissafi da ke can ba ya bukatar faranti kafin ya gwada abin da na faɗa a kan lambobin nan biyu. Shafi ɗaya na takarda ya isa: ya rubuta cunkoson Friedmann, ya ninka shi da cikin ƙwallon, ya sa amsar a ƙa'idar Schwarzschild, ya ga yadda komai ke soke juna har tazarar da ya fara da ita ta dawo masa. Malamai su ba da shi a matsayin aikin gida.